Silifas Mai Ƙusa

Shafi na 23

Masu cika min waya tun safe da "ina ci gaba?", to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rantse in aka kori Auta kin daina karantawa, gyara zama ki kai ƙasa tukuna kafin ki zo min da faɗa.

*

Goma saura kwata suka iso ɗakin kallo na gidan talabijin. Yaya ne a gaba, kwat ta sha guga, fuska a murtuke. Auta na biye da shi, ta rungume jakarta a ƙirji, ko shayi ba ta iya sha ba da safen nan.

A bakin ƙofa ya ja ya tsaya.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ƙarshen da na ce, shi ne a ciki ko?"

Ta sunkuyar da kai. "Anti Almakashi ce ta sa fim ɗin a na'ura."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan." Ya rage murya. "Na gaya miki ranar Laraba, zan maimaita. Ni ne darakta. Ke aikinki ƙarar tafiya da ƙarar ƙofa. Kika kuskura kika taɓa min ƙarshen fim, ki kwashi buhun takalmanki ki bar min sitidiyo. Ba ruwana da uwa ɗaya uba ɗaya."

"Na ji, Yaya."

Ji kam ta ji. Sai dai ta riga ta taɓa.

Jiya da la'asar, yana fita, ita da Anti Almakashi mai yanka fim da haɗa shi suka cire minti ukun ƙarshe, suka mayar da tsohon ƙarshen da shi Yaya ya jefar. A nasa sabon, yarinyar cikin katun ɗin faɗuwa take ƙasa tana kururuwa, hawaye kamar an buɗe famfo, ga kiɗan tausayi har kunne ya yi zafi. Sau uku ana gwada wa ma'aikata, ko mutum ɗaya bai yi ƙwalla ba. Mai fenti ma hamma ya yi. Maimakon Yaya ya rage, wallahi sai ya ƙara kiɗa.

Ga wanda bai san aikin katun ba, zane ba ya ƙara da kansa. Duk takun da ka ji, duk murfin da ya faɗi, wani ne ya durƙusa gaban makirfo ya yi shi da hannu. Shekara huɗu Auta na wannan aikin, da buhun tsofaffin takalma da ɗan falalen siminti. Ba ta iya wani aikin ba, kuma ba ta son wani.

Goma daidai Madam Ƙanƙara ta shigo. Ita ce mai cewa a haska ko kar a haska, kuma ba a banza ta ci sunan ba, na ƙasa da ita sun ce ba su taɓa ganin haƙorinta ba. Bayanta kuwa zuga guda: masu shara, direbobi biyu, mai gadi, matar da ke dafa wa ma'aikata abinci, da yara kamar goma.

Yaya ya matsa da sauri. "Ranki ya daɗe, na ɗauka kwamiti ne zai kalla."

"Ga kwamitin nan."

Ta ja kujera ta juya ta a kaikaice, rabin ido a allo, rabi a kan mutane.

"Ni ba fim nake kallo ba, masu kallo nake kallo. A kashe fitila."

Labarin ba shi da yawa. Wata mata ce mai wanki da guga, da 'yarta ƙarama ɓarauniyar sukari, da wata ƙatuwar kyanwa malalaciya. Uwar na fama da gwiwar hagu, in tana tafiya silifas ɗinta sai ya ce taf... shaaa... taf... shaaa. Duk sanda yarinyar ta zura hannu a gwangwanin sukari, murfi ya yi ƙara, sai a jiyo taf... shaaa daga baranda. Yarinya ta faɗa kwandon wanki, kyanwa ta shige ƙarƙashin kabad, jela a waje.

"Wa ya taɓa min sukari?"

Daga cikin kwando a ce, "Kyanwa ce!"

Tun karon farko yara suka tuntsire da dariya. A na biyar, wani direba mai ƙaton ciki har dukan cinya yake. A na goma kuwa yara da kansu ke yi da baki, "Taf! Shaaa!" tun uwar ba ta fito ba.

Madam ko gezau. Biro kawai take juyawa tsakanin yatsu.

Sai uwar ta fara tari. Kayan mutane suka fara taruwa ba guga. Daga nan sai gadon asibiti, ɗakin kallo ya yi tsit.

Maƙwabciya ta rako yarinyar har ƙofar gida ta juya. Yarinyar ta shiga ita kaɗai, da leda a hannu, silifas ɗin uwar a ciki.

Yaya ya gyara zama, ya ce ƙasa-ƙasa, "Yanzu kiɗa zai shigo."

Kiɗa bai shigo ba.

Yarinyar ba ta faɗi ba, ba ta yi kururuwa ba. Ta ajiye ledar, ta wuce kicin.

A hankali Yaya ya juyo. Ko a duhu Auta ta ga farin idonsa.

"Me kika yi?"

"Yaya, don Allah ka kalla."

"Na ce me kika yi?"

"Minti uku ne kacal. In ya ƙare ka kore ni."

"Yanzu zan sa a kashe!"

Ya yunƙura ya miƙe, kansa ya tare rabin allo. Direba mai ƙaton ciki ya jawo bayan kwat ɗinsa.

"Malam, zauna mana! Fim ɗin naka ne?"

Kai jama'a! Ni kam da ba don halin da ake ciki ba, da na yi dariya har da faɗuwa. Anti Almakashi daga can baya ta toshe baki da mayafi. Yaya ya tsaya a rankwafe, bai zauna ba bai tafi ba.

A allo yarinyar ta hau kujera ta ɗauko gwangwanin sukari. Wannan karon ba ta lallaɓa ba. Ta cire murfin ta sake shi ƙasa da gangan.

Ƙwal!

Ta juya kunne wajen baranda.

Shiru.

Daƙiƙa goma sha ɗaya. Auta ta san adadin, ita ta ƙirga su jiya. Wata yarinya a layin gaba ta ce da ƙaramar murya, "Taf... shaaa..." don ta taya, ba wanda ya yi dariya.

Yarinyar cikin fim ta sauko ta ɗauki murfin ta ƙara jefarwa. Shiru dai.

Sai ta koma wajen ledar. Ta zaro silifas ɗin ta zura ƙafafunta, sun yi mata yawa, rabinsu a waje. Ta je ƙarshen baranda ta juyo.

Taf... shaaa... ƙyas.

Taf... shaaa... ƙyas.

A taku na uku ta ɗan tsaya, kamar mai hutar da gwiwa, sannan ta ci gaba.

Kunnen kowa bai ji wani bambanci ba. Na Yaya ya ji. Wannan ƙaramin "ƙyas" ɗin babu shi a duk sauran fim ɗin. Ya zube a kujera.

Kyanwa na jin takun ta ruga ƙarƙashin kabad yadda ta saba. Sai ta leƙo. Sai ta fito da gudu, ita da ba ta taɓa gudu wajen kowa ba, ta ɗaga kai can sama inda fuskar uwar ke kasancewa. Ba kowa. Ta yi ta sauke ido, ta yi ta saukewa, har ya tsaya a kan yarinyar.

Yarinyar ta kumbura murya.

"Wa ya taɓa min sukari?"

Ta jira. Sannan da muryarta ta gaske ta ce,

"Ni ce, Mama. Kullum ma ni ce."

Allo ya yi baƙi.

Aka kunna fitila, kowa ya rasa inda zai sa fuskarsa. Mai dafa abinci ta kifa kai a cinya, kafaɗunta na rawa. Mai gadi ya cire hula ya rufe ido da ita. Yara biyu sun ƙanƙame juna. Direba kuwa hawaye har gemu, yana ta faɗin, "Wannan fankar ce, a rage fankar nan." Fanka ko kunna ta ba a yi ba.

Biron Madam na ƙasa kusa da takalminta. Ba ta ma san ya faɗi ba. Ta cire tabarau, ta zaro hankici, ta daɗe tana goge abin da ba tabarau ba.

"A takardar da kuka aiko min," ta ce, murya a dishe, "an rubuta yarinyar za ta yi kuka, da kiɗa. Na ma riga na shirya abin da zan gaya muku. Wa ya canza?"

Yaya na zaune kamar ba ya ɗakin.

Auta ta miƙe.

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Ke ce wa?"

"Mai ƙarar takalma."

"Mai ƙarar takalma ce ke canza ƙarshen fim? Da izinin wa?"

"Ba da izinin kowa ba."

"Tab! To me ya sa?"

Auta ta ɗaga kai. Aikin dai ta san ya tafi, sai tsoron ya sake ta.

"Ranki ya daɗe, in yarinyar ta yi kukan, ta yi mana ke nan, mu sai kallo. In ta ƙi yi, dole wani a ɗakin ya yi."

Madam ta ɗaga gira. "Ci gaba."

"Kuma ba mutuwar ce ke sa kuka ba, kowa ya san za ta mutu tun da ta fara tari. Takun ne. Sau talatin da ɗaya muka sa su dariya da shi har suka saba. Ranar da ya dawo ba mai shi, sai kowa ya tuna nasa. Wani tarin babansa, wata ƙarar makullin mijinta. Ai zane ne, layi huɗu da ido biyu, fuskar ba ta kowa ba ce. Shi ya sa kowa ke iya manna ta wanda ya rasa."

Mai dafa abinci ta ɗago da jan ido. "Wallahi gaskiyarta. Ni tsakin tsohuwata na ji."

Madam ta sunkuya ta ɗauki bironta. Ta buɗe takarda ta sa hannu, ƙarar biron har baya ana ji.

"Za a haska Asabar da yamma, lokacin da kowa ke gida. Amma da sharaɗi, darakta. Minti ukun nan ko daƙiƙa ɗaya aka taɓa, na fasa."

Anti Almakashi ta saki ihu daga baya. Yara suka hau tafi, direba ya fi kowa. Madam ta zo wucewa ta gaban Auta ta ɗan tsaya, kuma jama'a, na rantse muku an ga haƙorinta. Guda biyu ne, amma an gani.

Ɗaki ya watse. Ya rage Auta da Yaya, sai Anti da ke naɗe waya a baya.

Auta ta tsaya tana jira a ce ta kwashi buhunta. Farin ciki fal cikinta, tsoro ma fal.

Yaya bai ɗago ba.

"A ina kika samo shi?"

"Me, Yaya?"

"Kar ki raina min hankali. Silifas ɗin Inna ne. Ƙusar nan ni na buga ta da hannuna, ranar da zan tafi karatu, da igiyarsa ta tsinke. Na ce ta yi maneji kafin in aiko mata sabo."

"Ka aiko har uku. Ba ta sa ko ɗaya ba. Cewa take ɗana ya gyara min wannan."

Ya runtse ido. "Baba ya ce ya bayar da kayanta duka."

"A akwatin kayan aikinsa na gan shi, naɗe a tsumma. Sukudireba na je nema."

"To wa ya taka? Ke ba ki iya ba. Wannan tsayawar ta taku na uku, ba ki isa ki san ta ba."

"Ni ne."

Su duka suka waiga.

A kujerar ƙarshe ta lungu, wani dattijo ya dafa sanda ya miƙe. Baba ne. Baban da ya ce katun wasan yara ne, wanda a sanin Yaya bai taɓa taka sitidiyo ba, wanda shekara uku ba a ji sunan Inna a bakinsa ba. Ashe Anti ce ta shigo da shi bayan an kashe fitila.

"Baba?" Yaya ya miƙe. "Kai?"

"To wa? Wannan ta gwada sau ashirin a tsakar gida tana ɓata wa matata tafiya. Ina ɗaki ina ji, raina na ɓaci. Na fito na ce ke, uwarki ba doki ba ce, ba ni nan."

Ya tako a hankali har gabansu.

"Ranar Talata da rana, da ka tafi taro, ta kai ni wajen aikinku. Na durƙusa a kan simintin nan nata, na sa su a hannu. Shekara arba'in ina gyaran rediyo a shagon ƙofar gida, ina jin takun nan na zuwa da abincina. Sau ɗaya na yi, Anti ta ce ya isa."

Anti ta ce, "Ai ban iya neman na biyu ba, Baba. Ban ga madannin ba ma don hawaye."

Yaya ya kalli allon da ba komai, ya kalli Baba.

"Ni na rubuta matar nan," ya ce. "Kowa ya san Inna ce, ba wanda ya faɗa. Kwana biyu da binne ta na iso, Baba. Na zauna a ɗakinta ina jira kuka ya zo, ya ƙi. Shekara uku ya ƙi. Shi ne na ɗora wa yarinyar, na ce ta yi da ƙarfi, ta yi nata ta yi nawa. Wancan ƙarshen da na jefar, na san ya fi. Kallonsa ne ba na iyawa."

Auta ta buɗe jakar da ta runguma tun safe. Ta zaro silifas ɗin, shuɗi ne da ya koɗe, dunduniyar hagu ta cinye. Ta miƙa masa.

Ya juya shi. Ga ƙusar nan a lanƙwashe, kanta ya goge yana ƙyalli. Ya ɗora babban yatsa a kai.

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, sai ga Yaya, darakta guda, da kwat da komai, durƙushe a ƙasa yana kuka kamar yaron goye. Baba ya dafa kansa bai ce ya yi shiru ba. Auta ma ta sa nata, Anti ta sa nata, abin dai ba a magana.

Da ƙyar ya tsagaita. Ya share fuska da hannun kwat.

"Auta. Buhun takalman nan naki."

"Zan kwashe yau, Yaya."

"Ki kwashe. Ki fitar da shi daga wancan ɗan kurkukun, ki kai babban ɗaki kusa da ofis ɗina. Anti, a farkon fim inda aka rubuta darakta, a sa suna biyu."

Auta ta daka tsalle, ta manta a gidan mutane take. "Yaya, da gaske? Anti, kin ji? Baba, ka ji?"

"Na ji, kar ki fasa min kunne," in ji Baba. "Wasan yaran naku dai ya ci ni."

"Amma kika ƙara canza min fim ba ki gaya min ba..."

"Sai in ka ƙara sa kiɗa, Yaya."

Har shi sai da ya yi dariya, hanci na zuba.

Baba bai yi ba. Ya zauna a kujerar Madam, ya ɗora tsohuwar jakar aikinsa a cinya. Ya fito da wata 'yar rikoda irin ta da, wadda ya ɗaure murfin batirinta da roba. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro kaset, takardar jikinsa ta yi ja don daɗewa.

"Zo nan," ya ce wa Yaya. "Shekara uku, duk ranar da na san zan gan ka, da wannan nake fita."

"Mene ne, Baba?"

"Saura kwana huɗu ta rasu ta sa na ɗauka. Naka ne kai kaɗai."

Yaya ya yi baya. "Inna ta bar min saƙo? Shekara uku, Baba? Shekara uku kana kallona?"

"Ita ta sa sharaɗin, ba ni ba. Ta ce yaron nan taurin kai gare shi, in ka ba shi yanzu, a durowa zai kulle. Kar ka ba shi sai ranar da ka ga hawayensa da idonka." Ya tura kaset ɗin ya rufe. "To yau na gani. Danna."

Yaya ya matso. Auta ta riƙe masa rikodar, ya danna.

Shhhhh.

Can daga nesa, a tsakar gidansu, da kukan tsuntsaye da komai:

Taf... shaaa... ƙyas.

Taf... shaaa... ƙyas.

Ta tsaya a na uku. Ta yi ɗan tari.

"Baban yara, ya fara ɗauka? To matsa ka ba ni wuri."

Kujera ta yi ƙara. Numfashi ya matso kusa.

"Ɗan tsakona. In kana jin muryar nan, ka yi kukan ke nan, sannu. To share fuskarka ka samu wuri ka zauna. Maganar da zan gaya maka ba ta tsaye ba ce."